Fitilun Mas'udu da Fuskar Lamisi

Nima, Accra
14 ga Maris, 1976

Zuwa ga Yayata Adiza,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Alhaji Alu da yara da duk mutanen Maraɗi. Mu nan lafiya lau, sai dai ƙafar Baba da take kumbura in ya daɗe zaune a rumfar turarensa.

Yaya, gara ki ji daga bakina kafin direbobin goro su kai miki labarin a karkace. Na bar shagon gyaran wuta na Maamobi. Ba korata aka yi ba, kuma ban yi faɗa da kowa ba.

Ga yadda aka yi. Wata biyu da suka wuce maigidana ya aike ni Adabraka in gyara wata waya a wani tsohon zaure da masu wasan kwaikwayo suke amfani da shi. Na gama ina tattara kayana, sai wani dattijo ɗan ƙabilar Ga, ana ce masa Ataa Okai, ya ce in riƙe masa tsani. Shi ne mai kula da fitilunsu. Da ya sauko sai ya ce, "Ɗan Zongo, zo ka ga wani abu." Ya zaunar da ni a bayan zauren, gaban wani allo mai hannuwa goma sha biyu, kowane hannu da fitilarsa. Suna ce wa allon dima, da shi ake rage haske ko a ƙara shi a hankali.

A kan dandamali wani ɗan wasa ne zaune a kan turmi yana jiran a kira shi, har yana hamma. Ataa Okai ya ja hannu ɗaya ƙasa, ya tura wani sama. Yaya, ina kallo rana ta faɗi a cikin ɗakin nan, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe. Hasken ya koma ja-ja, ya zo wa mutumin ta gefe, inuwarsa ta miƙe har bango. Bai motsa ba, bai ce komai ba, amma na ji a jikina wannan mutum ne da kowa ya tafi ya bari. Har tausayinsa ya kama ni. Dattijon ya dube ni ya yi dariya, ya ce, "Ka gani? Shi bai yi komai ba. Ni na yi."

Washegari na koma, jibi ma na koma. A ƙarshe ya ce in dai zan riƙa zuwa ina tsare masa hanya, gara ya ɗauke ni aiki.

Baba bai yi faɗa ba, kin san ba halinsa ba ne. Abin da ya ce kawai, wanda ya ja wa gida waya ana shan aikinsa shekara ashirin, nawa kuwa da an tashi daga kallo ya ɓace. Tun ranar yake amsa gaisuwata a gajarce. Ke yake jin maganarki. Don Allah ki rubuta masa.

Ki gaishe da Alhaji. Allah ya bar zumunci.

Ƙanenki,
Mas'udu

*

Maraɗi
2 ga Mayu, 1976

Mas'udu,

Wa alaikumus salam. Mun ga wasiƙarka, muna lafiya, Alhaji yana amsawa.

Wato shekara biyar ka yi kana koyon sana'a don ka koma kunna fitila da kashewa, abin da kowa yake yi da yatsa ɗaya? Na karanta wa Alhaji, ya yi dariya har ya ƙware da shayi. Ni ban yi ba, don na san ka. Kai ne ka wargaza tocilar Inna, Allah ya jiƙanta, don ka ga inda hasken yake kwana, aka zane ka, da gari ya waye ka koma kanta.

Ban gane aikin nan naka ba, kuma ba zan yi maka ƙaryar na gane ba. Amma tun da kake rubuto min ban taɓa samun wasiƙarka ta wuce layi shida ba, sai wannan da ta cika takarda gaba da baya. Wannan ya ishe ni. Na rubuta wa Baba, na ce masa ba giya kake sayarwa ba, ba sata kake yi ba, ya sa maka albarka.

Sharaɗina uku ne. Kada wasa ya sa ka haɗa azahar da la'asar. Kada ka hau tsanin nan ba mai riƙewa. Sannan Madina 'yar gidan Malam Sulemana, shekara biyu ke nan kana zarya a ƙofar gidansu, duk Nima ta sani. Ko ka tura manya, ko ka bar wa yarinya hanya.

In ka samu mai zuwa, ka aiko min da barkonon da ake ci da dokunu, tuwon masaran nan na Accra. Nan ba su san shi ba, kuma bakina ya gaji.

Yayarka,
Adiza

*

Nima
9 ga Nuwamba, 1980

Yaya Adiza,

Assalamu alaikum, da gaisuwa irin ta kullum. Madina tana gaishe ki, ta ce a faɗa miki 'yarmu Nafi ta fara tafiya, kuma duk abin da ta gani mai waya sai ta ja. Kada ki ce komai.

Albishirinki. Gwiwoyin Ataa Okai sun hana shi hawa tsani, ya miƙa min allon gaban kowa. Yanzu ni nake tsara hasken kowane wasa daga farko har ƙarshe. Darakta yakan ba ni takardun wasan tun kafin a fara gwaji, in karanta, in zauna in zana inda kowace fitila za ta tsaya da lokacin da za ta buɗe.

Akwai abin da ya daɗe yana damuna, bana na warware shi. Ataa Okai a hannun Turawa ya koyi aikin, su kuwa farin haske da shuɗi suke so, don da fatarsu ya dace. In ka zuba shi a kan namu sai fuska ta yi toka-toka kamar ta marar lafiya, ido da haƙori kawai ake gani. Wata rana bayan magariba ina saukowa daga trotro, motar hayar nan, a Kawukudi, na tsaya wajen masu tuyar ƙosai. Na ga yadda wutar murhu take kwanciya a fuskarsu, goshi da kumatu duk sun fito sumul. Na tsaya ina kallo har wata ta ce, "Masta, saye za ka yi ko aure kake nema?" Na koma zaure na yi sati uku ina haɗa takardun launi da ake sawa a bakin fitila, ruwan ɗorawa a kan ja mai haske, na sauko da fitilun gefe ƙasa kaɗan. Ranar da na gwada, Ataa Okai ya kalla har ƙarshe. Daga baya ya ce, "Shekara talatin ina haska mutanena kamar baƙi."

Wadda na gwada a kanta sabuwar 'yar wasanmu ce, Lamisi. Iyayenta mutanen Bolga ne amma a Maamobi aka haife ta, Hausarta kamar tamu, ga yaren Twi ga na Ga. Sauran 'yan wasa sai na zana musu alli a ƙasa kafin su san inda za su tsaya. Ita kuwa da fatarta take jin haske, tana tafiya tana magana sai ta faɗa tsakiyarsa daidai. In tana kan dandamali aikina rabi ne.

An buga sunana a takardar shirin wasa, ƙasa da na darakta. Na kai wa Baba. Kin san ba ya karanta boko, amma ya sa na nuna masa layin, ya ɗora yatsa a kai. Yanzu tana cikin akwatin turarensa, duk wanda ya zo sayen ɗan miski sai ya ga sunana, ko yana so ko ba ya so.

Ki gaishe da Alhaji da yara.

Naki,
Mas'udu

*

Nima
18 ga Disamba, 1983

Yaya,

Assalamu alaikum. Wasiƙarki ta iso bayan wata biyu a hanya. Na gode da garin gero da kika aiko, Allah ya saka. Ba zan ɓoye miki ba, ya zo a kan gaɓa. Tun rasuwar Baba ban ga shekara mai nauyin wannan ba. Fari ya cinye gonaki, ana bin layin burodi tun asuba, ga 'yan'uwanmu da aka koro daga Najeriya sun cika kowane ɗaki a Nima.

Na ga maganar Alhaji, cewa in kwaso iyali in zo Maraɗi in riƙa ja wa sababbin gidaje waya. Ki yi masa godiya ƙwarai. Amma Yaya, ba zan iya ba yanzu.

Kin san tun da sojoji suka sa dokar hana fita, wasan yamma ya mutu. Ƙungiyoyi da yawa sun watse, makaɗa sun tafi Abidjan da Lome. Mu mun mayar da namu ƙarfe biyu na rana. To mai fitila me zai yi da rana tsaka? Sai na samo buhunan algarara na toshe tagogin zauren gaba ɗaya, na yi wa kaina duhu. Ana cikin haka ruwan madatsar Akosombo da take ba mu lantarki ya ja baya, aka shiga raba wuta, yau akwai gobe babu. Ƙwan fitila kuwa ko a shagunan Circle ba ka samu. Na je wajen masu fasa tsofaffin motoci na kwaso fitilun gaba, na zuba su cikin manyan gwangwanayen madara, na haɗa da batiran mota shida. In kin ga abin sai ki yi dariya, amma yana aiki. Ranar Asabar zauren ya cika, mutanen da na san ba su karya ba sun zauna awa biyu suna dariya suna kuka. Lamisi ta ce min, "Masta, in ka tafi, a duhu za mu yi ko a rana?"

Ataa Okai yana zuwa da sandarsa ya zauna a baya. Bai ji daɗin buhunan ba. Ya ce algarara da waya mai zafi ba sa zama ɗaki ɗaya, ya kuma tilasta a bar ƙofar gefe a buɗe kullum, ko da haske zai shigo ya ɓata min aiki. Tsufa ne, ya manta shi ma ya yi irin nasa a da. Ina lura, in sha Allahu ba komai.

Madina da Nafi suna gaisuwa.

Ƙanenki,
Mas'udu

*

Nima
26 ga Fabrairu, 1984

Yaya,

Assalamu alaikum. Ki yi haƙuri da rubutun, hannuna a naɗe yake.

Ranar Asabar ta makon jiya wuta ta tashi a zaure. Ba wanda ya mutu, alhamdu lillahi. Amma Lamisi ta ƙone, kuma ni na jawo.

Zan faɗa miki yadda yake, don ban iya faɗa wa kowa dalla-dalla ba. Ranar akwai wutar gari, sai na haɗa manyan fitilu biyu da suka rage mana. Fiyus ɗinsu, mai yanke wuta in waya ta yi zafi, ya yi ta tsinkewa tun safe, ga shi babu a kasuwa. Saura rabin awa a fara, 'yan kallo sun fara shigowa. Sai na cire shi na ɗaure wurin da waya mai kauri. Na san abin da nake yi, Yaya. Abu na farko da aka koya min a shagon Maamobi shi ne kada a yi haka. Na ce a raina awa biyu ne kawai.

Ana tsakiyar wasa, Lamisi tana durƙushe kusa da bango ita kaɗai, tana yin matar da aka kawo wa labarin mutuwar ɗanta. Wayar da ta bi ta bayan buhun tagar ta yi zafi. Daga inda nake na ga hayaƙi siriri, kafin in miƙe buhun ya kama, ya tsinke daga ƙusa ya faɗo mata a kai. Gyalen da ta yafa na nailan ne. Mutane sun ɗauka cikin wasan ne, har wani ya tafa. Sai da ta yi ihu.

Ban san yadda na tsallake kujeru na isa ba. Na cire rigata na danne wutar, na yaye gyalen da hannu, ya taho da fata. Mutum ɗari biyu da wani abu suka fita ta ƙofar nan da Ataa Okai ya hana a rufe. Da na samu yadda nake so, da yanzu gawa ake ƙirgawa.

Kuncinta na hagu ne, da wuya, da kafaɗa zuwa gwiwar hannu. Likita ya ce idon ya tsira.

'Yan sanda sun zo sun duba, suka rubuta tsautsayi. Darakta ya dafa ni ya ce na yi jarumta. Na ce masa ni na cire fiyus, ya ce kowa a garin nan da dabara yake rayuwa, in yi shiru. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya kama ni. Da an yi min ɗaya daga ciki da na fi samun sauƙi.

Na je asibiti ranar Talata. Na tsaya a bakin ɗakin, na hango ta a naɗe, mahaifiyarta tana yi mata fifita. Shekararta ashirin da huɗu, Yaya. Ban shiga ba. Na ajiye lemon da na kawo a wajen wata nas, na juyo.

Na mayar wa darakta makullin allon. Na gama da wannan aiki.

Ki sa ni a addu'a.

Mas'udu

*

Maraɗi
7 ga Yuli, 1986

Mas'udu,

Assalamu alaikum. Wannan ita ce ta biyar da na rubuto ba amsa. In hannunka bai warke ba, bakinka ai bai ƙone ba, ka sa Madina ta rubuta.

Abdulsalami direba ya sauka gidanmu da goro, na tsare shi sai da ya faɗa min komai. Ya ce ka kafa tebur a Kawukudi kana gyaran rediyo da fanka, ka rame, ba ka zama cikin mutane. Ya ce in za ka Maamobi sai ka zagaya ta bayan makarantar Islamiyya don kada ka bi ta ƙofar gidan su yarinyar nan. Ya ce ƙungiyoyi biyu sun zo nemanka tun da aka ɗage dokar hana fita, ka ce musu ba kai ba ne.

Ka saurare ni. Ka yi kuskure, babba, ban ce ba ka yi ba. Na yi kuka da na karanta wasiƙarka, na yi mata, na yi maka. Amma wannan zaman da kake yi, wa ya amfana? Fatar yarinyar ta dawo don ka ƙi cin abinci? Kana ce wa kanka tuba kake yi. Ni ban ga tuba ba, ɓuya na gani. Tuba ai a gaban wanda aka ɓata wa ake yin ta.

Ban ce ka koma fitila ba, wannan tsakaninka da zuciyarka. Na ce ka je ka gaishe ta. In ta zage ka, ka tsaya ka ji, haƙƙinta ne.

Da Baba yana da rai da shi zai kama hannunka ya kai ka. Ba ya nan, ni ce. Kuma ka ji tausayin Madina, ita ba ta ƙona kowa ba.

Yayarka da ba ta daina sonka ba,
Adiza

*

Maamobi
3 ga Afrilu, 1988

Masta Mas'udu,

Salamu alaikum. Ina gaisuwa, ina gaida Anti Madina. Ni ce Lamisi. Na ba Fusena mai koko ta kawo maka, don an ce in ka hango ni daga nesa sai ka shige lungu.

Ban iya dogon rubutu ba, zan tafi kai tsaye.

Wata bakwai na yi a asibiti. Kowa ya zo. Ataa Okai da sandarsa ya zo sau tara, shi ya faɗa min maganar fiyus, don ya ce gara in sani. Na sani tun ina kwance. Na yi fushi, na yi kuka, na kira sunanka da abin da ba zan rubuta ba. Amma wannan fushin ya wuce tun tuni. Ni ma ranar na ga fiyus yana tsinkewa, kuma ni na leƙo na ce maka, Masta yi sauri mutane sun cika. Wanda bai wuce ba shi ne na rashin zuwanka. Wuta ba ta san ni ba. Kai ka san ni. Kullum in aka taɓa ƙofa sai in ce kai ne.

Shekara huɗu ina ɗinki a gidan Mama. Ina samun na abinci. Amma ni ba tela ba ce, kai ma ka sani.

Darakta ya rubuta sabon wasa, na wata mata da aka koro daga Legas ta dawo gida ba ta tarar da kowa nata ba. Kusan duk maganar tata ce. Ya ce ni yake so. Na ce to. An samu sabon zaure, an kawo wani mai fitila da ya yi karatu a waje. Yaron kirki ne, amma in ya kalle ni sai ya sunkuyar da kai, haskensa ma haka yake yi.

Ba roƙonka nake yi ba, Masta. Kai ka san fuskar nan lokacin da take lafiya, kai ka mayar da ita yadda take. Kai za ka haska ta. In ka ƙi, ka zo ka faɗa min da bakinka, kana kallona.

Ina gida kullum bayan sallar Juma'a.

Lamisi

*

Nima
19 ga Mayu, 1988

Yaya Adiza,

Assalamu alaikum. Na san ban da bakin gaisuwa bayan shirun shekara huɗu. Duk wasiƙunki suna nan, na karanta kowace, ta biyar ɗin har ta yage a lanƙwasa. Ki yafe min.

Lamisi ta rubuto min, na sa miki takardar a ciki ki gani da idonki. Na yi Juma'a biyu ina fita da niyya ina dawowa. Ta uku Madina ta yafa mayafi ta ce, "Tashi, tare za mu." Ta raka ni har ƙofar gidan, ta tsaya a waje.

Na same ta a kan keken ɗinki. Na yi sallama, ta amsa, ta cire gyalenta ta ajiye, ta juyo min da gefen hagu. Ta ce, "Kalle ni, Masta." Na kalla. Fatar ta tattare daga kunne zuwa wuya, ta ja gefen bakinta ƙasa kaɗan. Na durƙusa, na fashe da kuka, ni da furfura ta fara fito min. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce, "To ya isa haka. Ka ci abinci?" Ta miƙo min takardun wasan.

Na koma aiki, Yaya. Sati uku ke nan. Kafin in taɓa fitila ko ɗaya sai da na bi kowace waya a zauren da hannuna, na sa aka ajiye bokitan yashi, na ce ba za a kulle ƙofa ko ɗaya ba. Mai fitilar da na tarar, Jamiu, bai yi fushi ba, tare muke yi, yana koya min sababbin kaya ina nuna masa abin da na sani.

Ranar gwajin farko na tsara hasken duka daga dama. Gefen lafiya ya fito kamar da, na hagu ya kwanta cikin inuwa, ko daga kujerar gaba ba ka ganin tabon. Wallahi aiki ne mai kyau, darakta har ya miƙe tsaye. Tana tsakiyar magana sai ta tsaya, ta sa hannu ta kare ido tana nemana a bayan zaure.

Ta ce, "Masta, ina rabin fuskata?"

Na ce, "Na ɗan sassauta wajen ne, don ki samu sakewa."

Ta ce, "Shekara huɗu ina rufe shi da gyale a trotro, ina rufe shi a kasuwa. Ban hau nan don ka karɓi aikin rufewa daga hannuna ba. Ni kake ɓoye wa mutane, ko kanka?"

Gaskiya ta faɗa.

Kwana huɗu muka yi ni da ita da Jamiu, tana zaune a kujera ina hawa ina sauka. Duk abin da na sani bai yi ba. Farin haske yana sa tabon ƙyalli kamar leda. Ja yana mayar da shi ɗanyen ciwo. Dole na tsaya na kalle shi sosai, kamar yadda nake kallon kowace fuska, ina ya tashi, ina ya kwanta. A rana ta huɗu na ɗaga fitilar hagu sama, na tausasa ta da ruwan ɗorawa mara ƙarfi, na sa wata ƙarama daga baya. Sai ya fito a yadda yake, ba abin tsoro ba, ba abin tausayi ba, fata ce da ta ƙone ta warke. Aka kawo mata madubi. Ta daɗe tana dubawa, ta ce, "Yauwa. Wannan ce ni."

Jibi Asabar ƙarfe huɗu za a buɗe. Ataa Okai ba ya iya tafiya yanzu, ya ce ko a kujera a ɗauko shi. Akwai wuri a tsakiyar wasan da za ta juyo wa mutane gefen hagu karon farko, ni zan buɗe fitilar a hankali cikin ƙirga takwas. A gwaji duk lokacin da muka zo wurin sai in ɓata ƙirgar. Ban kuma tambaye ta ko ta yafe min ba. Na kasa.

Ki yi min addu'a, ke da Alhaji.

Ƙanenki,
Mas'udu

*

Maamobi
22 ga Mayu, 1988

Masta,

Salamu alaikum. Ina ka shiga jiya? Mutane suna tafi suna kiran mai fitila, Jamiu ya ce ka fita ta baya.

Ba ka ɓata ƙirgar ba, na ƙirga tare da kai. Da hasken ya buɗe na ji wata mata a gaba ta ce wayyo. Daga nan ba wanda ya ƙara kallon kuncina, maganata suke ji. Abin da nake so ke nan.

Abin da ka tsaya a bakin labule kafin a fara kana so ka tambaya, ka kasa, na gane. Na yafe. Duniya da lahira. Kada ka sake kawo maganar.

Mutanen Kumasi sun ce mu kai musu wasan wata mai zuwa, sati biyu. Na ce musu ba na zuwa sai da kai, don haka ka faɗa wa masu rediyo su zo su kwashi kayansu.

Yau ma ƙarfe huɗu ne. Ka zo da wuri. Ƙaramar fitilar baya tana shiga min ido in na durƙusa.

Lamisi